Kuɗin kwana, otal ɗin Abuja da gidan 'yan'uwa: muhawara a zauren 'yan Zazzau

Auwal Samaru:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar manya. Wurin aikinmu sun sa sunana cikin waɗanda za su je bita Abuja wata mai kamawa, kuma a ɗaya daga cikin manyan otal-otal na tsakiyar gari za a yi. Masu shirya bitar sun ce shayi da abincin rana nasu ne, masauki kuwa kowa ya ji da kansa. Ina matakin albashi na 8. Na kira otal ɗin na tambayi kuɗin ɗaki, abin da suka faɗa min na dare ɗaya ya kusa lashe duk kuɗin kwanan da za a ba ni. Ina da ɗan kawuna a Kubwa da iyalinsa. Tambayata biyu ce. In na karɓi kuɗin na je na sauka a gidansa, na ci haram? Sannan in ƙaramin otal zan nema, wane yanki ya fi dacewa?

Malam Lawal Kongo:
Wa alaikumus salam, Auwal. Na yi aikin akanta a ma'aikatar gwamnatin tarayya har na yi ritaya, bari in ba ka abin da na sani. Kuɗin nan da muke kira DTA ba kuɗin otal ba ne kai tsaye. Kuɗi ne ƙayyadadde da ake lissafawa kowane dare gwargwadon matakin ma'aikaci, ya haɗa masauki da abinci, kuma ba a neman rasit a kansa. A takardar da hukumar albashi ta ƙasa ta fitar, wadda ta fara aiki 1 ga Satumba 2022, mataki na 1 zuwa na 4 naira 10,000 ne, na 5 da na 6 naira 15,000, na 7 zuwa na 10 naira 17,500, na 12 da na 13 naira 20,000, na 14 da na 15 naira 25,000, na 16 da na 17 naira 37,500. Babban sakatare 70,000, minista 80,000. Ka leƙa ofishin akanta ku tabbatar da takardar da suke aiki da ita yanzu.

Ka lura da kwanan watan. An tsara wannan lissafi kafin a cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kafin a saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin Yunin shekarar. Komai ya tashi bayan nan. Saboda haka ba kai kaɗai ba ne lissafi ya ƙi fita.

Hajiya Rabi Tudun Wada:
Auwal ɗana, kada ka ma sa wa ranka otal ɗin taron. Ba irinku aka gina shi dominsu ba, kuma ba abin kunya ba ne. Ka je gidan ɗan'uwanka, ka riƙe musu tsaraba mai kyau, ka yi zumunci ka yi aiki. Tun muna yara haka muka ga ana yi.

Bashir (Ɗan Gyallesu, mazaunin Kubwa):
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ki ba ni dama in yi magana a madadin masu gidan, don ni ma a Kubwa nake zaune, kuma wannan maganar ta daɗe tana ci mini rai.

Duk wanda ya taso daga Zariya zai zo Abuja, bita ce, neman aiki ne, biza ce, bin fayil ɗin fansho ne, gidan ɗayanmu yake nufa. Wallahi muna murna da baƙo, ba mu manta tarbiyyar gida ba. Amma mutanen gida suna ɗauka duk wanda ke Abuja a Maitama yake. Yawancinmu ɗaki biyu da falo ne, haya kuma ta shekara ake biya gaba ɗaya. In baƙo ya zo, yara ake kwashewa a kai falo, uwargida ta takura da hijabi a cikin gidanta daga asuba har dare, in famfo ya ɗauke a ƙara sayen ruwa wurin 'yan garuwa, abincin da za a yi sau biyu a yi sau uku saboda kunyar baƙo. Babu wanda zai buɗe baki ya ce maka ka takura shi. Ko ɗan kawun Auwal aka tambaya yanzu, cewa zai yi ya zo, gida nasa ne.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne ka san gwamnati ta ba mutumin nan kuɗin kwana, ya zo ya kwana a katifarka, ya ci tuwonka, ka rage masa hanya da man motarka, ranar tafiya ya miƙa wa yara 'yar canji ya tafi da sauran. To a nan waye ya biya wa gwamnati kuɗin masauki? Matar gidan ce ta biya, da gumin jikinta.

Hajiya Rabi Tudun Wada:
Bashir, maganarka akwai gaskiya a ciki, amma ina jin tsoron inda za ta kai mu. Ranar da ɗan Zazzau zai fara lissafa wa ɗan'uwansa ruwan da ya sha, ai mun zama wasu mutane dabam. Baƙonka annabinka aka ce.

Bashir (Ɗan Gyallesu, mazaunin Kubwa):
Ba mai gida nake so ya yi lissafi ba, Hajiya. Baƙon nake so ya yi.

Malam Nura Ƙofar Doka:
Bismillah. Tambayar halal da haram, abin da na fahimta daga malamanmu shi ne ana duba sharaɗin wanda ya ba da kuɗin, domin ya zo a hadisi cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. In tsarin ma'aikata shi ne kamar yadda Malam Lawal ya bayyana, an mallaka maka adadi kaza kowane dare, ka je ka yi aikin, ba ruwansu da inda ka kwana, to abin da ya rage naka ne, ko a masallaci ka kwana. In kuwa cewa aka yi ga kuɗin otal, ka kawo rasit ka dawo da canji, to canjin amana ne, kuma rubuta rasit ɗin ƙarya ha'inci ne, babu wata kwana-kwana. Haka wanda aka biya shi dare huɗu ya yi biyu ya gudo gida, ko ya sa hannu a takardar halarta ya tafi Kasuwar Wuse. Wannan ba a kan masauki ya ci haram ba, a kan aikin da bai yi ba ne.

Maganar Bashir kuma tana da tushe a addini. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna wurin mai masaukinsa har ya ƙuntata masa ba. Mun riƙe rabin farko na karantarwar, wato girmama baƙo, mun saki rabi na biyu.

Auwal Samaru:
Allah ya gafarta Malam, na gode. Tunda an zo nan, yaya batun kasaru?

Malam Nura Ƙofar Doka:
A Risala, tafiyar kasaru mil 48 ce, Zariya zuwa Abuja kuwa ta ninka haka. Za ka yi kasaru a hanya. In ka isa da niyyar zaman kwana huɗu cikakku, ko abin da zai kai salla ashirin, sai ka cika. In bai kai ba ka ci gaba da kasaru. In ka bi liman mazaunin gari, ka cika tare da shi.

Sadiq Palladan:
Salamu alaikum. Ni na yi aiki a wurin karɓar baƙi na wani otal a Abuja kafin in dawo gida, bari in faɗa muku yadda abin yake daga bayan kanta.

Mutane suna ganin tsadar ɗaki zalunci ne kawai. Akwai masu tsawwalawa, amma babban abin da ke cin kuɗin otal wuta ce. Baƙo ya biya, ba ya son jin labarin an ɗauke wuta, na'urar sanyaya ɗaki da lif da injin ɗumama ruwa dole su yi aiki dare da rana. Janareta kuma dizal yake sha. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, daga abin da bai kai 70 ba, kuma manyan otal da yawa a wannan rukunin suke. Duk a kan kuɗin ɗaki yake sauka.

Abin da nake so Auwal da irinsa su kiyaye shi ne, in aka faɗa maka farashi, ka tambaya ko ya haɗa da haraji. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, otal da yawa kuma suna ɗora kashi 10 na hidima. A Legas jiha tana da nata kashi 5 a kan otal da gidajen abinci. Na sha ganin mutum ya zo da kuɗinsa cif-cif, a miƙa masa takardar biya ya tsaya yana zufa a gaban mutane. Ka tambaya ko karin kumallo yana ciki. Ka san cewa yawanci ƙarfe 12 na rana ake sakin ɗaki, in ka wuce ba ka nemi alfarma ba za a iya caje ka rabin yini. In taronku zai kai yamma a ranar ƙarshe, ka sauko da jakarka tun da safe ka ba su ajiya, kyauta ne, za su ba ka 'yar takarda. Ƙaramin firjin da ke cikin ɗaki, lemo da gyaɗar da ke ciki na sayarwa ne, kuma da tsada ƙwarai. Wanki ma haka, kuɗin wanke kaftani ɗaya da guga zai wanke maka kaya da yawa a Samaru. Ka taho da kayanka a goge.

Sannan akwai rangwamen da ake yi wa ma'aikatu da masu taro. In masu shirya bitar sun kama zaure a otal, galibi akwai farashi na musamman ga mahalarta, amma ba za a faɗa maka ba sai ka ambaci sunan taron. Ka sake kiransu ka gwada.

Na ƙarshe, don Allah jama'a a daina matsa wa yaran kanta su rubuta rasit ɗin da ya fi abin da aka biya. Babban mutum da furfurarsa zai jingina a kanta ya rage murya ya ce ka ƙara masa dare biyu. In ka ƙi ya ce ba ka da mutunci, in ka yi aka gano kai za a kora, shi ya riga ya koma garinsu. Na ga yaron da ya rasa aikinsa a kan haka, yana da mata da jariri.

Maryam Hanwa:
Allah ya saka da alheri, Sadiq. Ni kamfani nake wa aiki, binciken lissafi, kuma aikin yana kai ni Legas da Fatakwal da Abuja. Mu kamfani ne yake kama ɗakin ya biya kai tsaye, kuɗin abinci kawai ake ba mu, don haka ba mu da zaɓin da Auwal yake da shi. Amma ina so a kalli abin ta fuskar mace, don shawarar "ka nemi ƙaramin otal" ba ɗaya take ba ga namiji da mace.

Mace ita kaɗai ta shiga wasu ƙananan masaukai da jakarta, tun daga mai gadi ake fara mata wani irin kallo. An taɓa tsare ni da tambayar wa nake jira, alhali da katin aikina a wuya. A babban otal ba wanda ya damu da ke, akwai kyamara a kowane lungu, lif ɗin wasu ma ba ya hawa sai da katin ɗaki. Wannan kwanciyar hankalin ita ake saye, ba katifa ba. In zan kwana a gari, nakan ce kada a faɗi lambar ɗakina da ƙarfi a kanta, in sa sarƙar ƙofa, in tura wa maigidana sunan otal da lambar ɗakin tun kafin in ajiye jaka. Kuma ba na buɗe wa kowa sai na kira kanta na tabbatar su suka aiko shi.

Gidan 'yan'uwa kuwa ga mace mai aiki wani aikin ne na biyu. Namiji ya dawo daga taro ya miƙe a falo a kawo masa abinci. Ke kuwa in kin dawo, ba za ki iya zama matar gida tana kicin ba. Rahoton da za ki rubuta da dare sai ƙarfe ɗaya.

Hajiya Rabi Tudun Wada:
Wannan kam gaskiya ne, ƙanwata. Lokacin da nake aikin jinya ana tura mu bita Kaduna, in na sauka gidan yayata da ni ake tuƙa tuwon dare. Amma ban taɓa jin nauyinsa ba, hirar da muke yi a kicin ɗin ita ce ribar tafiyar.

Alhaji Shehu Sabon Gari:
Ku ma'aikata kuna da wanda zai biya muku. Mu 'yan kasuwa daga aljihunmu ne, shi ya sa tun kakanni aka yi tsari. Fatake ba su san otal ba, zango suka sani da mai masauki. Ka je Sabo a Ibadan, ka je Agege ko Idi-Araba ko Mil 12 a Legas, har gobe akwai gidajen da baƙon arewa yake sauka. Mai masauki shi ne zai ba ka wurin kwana, ya ajiye maka kuɗinka, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka in an yi rigima. Amma abin da yaran yanzu ba su gane ba, ba kyauta ba ne. Yana da la'adarsa a cikin ciniki, kowa ya sani, babu mai jin kunya. Shi ya sa tsarin ya daɗe. Abin da Bashir yake kuka da shi, an ɗauki saukar an bar la'adar.

Ni yanzu in na je Legas ɗauko kaya, otal nake kamawa a Ikeja ko kusa da inda zan yi ciniki, saboda shekaru sun ja, ina son banɗakina ni kaɗai. Amma cin abinci sai na nemi mutanenmu. Ba na sakin jiki da naman otal in ban san wanda ya yanka ba, kifi da ƙwai nake ci. Kuma shawara ga duk mai zuwa Legas: ka kwana a ɓangaren da aikinka yake. In taronka a Victoria Island yake ka kama ɗaki a Ikeja don sauƙi, gadar Third Mainland kilomita kusan 12 ce, da safe kuma kowa can ya nufa. Abin da ka rage a ɗaki za ka biya shi a mota da rashin barci.

Dakta Umar Shika:
Ina tare da Alhaji a wannan gaɓar, kuma ta shafi Abuja. Auwal, Kubwa ba kusa ba ce da tsakiyar gari in ka lissafa cunkoson safiya, Mararaba da Nyanya kuwa sun fi ta tsanani. In ba ka da mota za ka tsaya a bakin titi, ga matsalar 'yan wan-cans da ke ɗaukar mutane a mota kamar fasinja su yi musu fashi. Baƙo da jakar kwamfuta a kafaɗa bayan magariba shi suke nema. Ka shiga mota a tasha, ko ka kira ta manhaja.

Akwai kuma abin da ba a faɗa ba tukuna. Rabin amfanin taro ba a cikin zaure yake ba. Bayan an tashi, a harabar otal, wurin cin abincin dare, nan ake sanin juna, nan babba yake ganin yaro mai ƙwazo ya karɓi lambarsa. Wanda zai ruga ya kama motar Kubwa ƙarfe biyar ya rasa wannan duka. Shi ya sa nake ganin tsarin da kansa yana da gyara. Mai mataki na 16 da ya riga ya san kowa shi ne yake iya kwana kusa da taro, yaron da ya fi bukatar a san shi kuma shi ake turawa bayan gari.

Ban ce babban otal daɗi ne zalla ba. Daren farko kana jin kai wani ne. Daga na biyu shiru ya fara damunka, ba kiran salla, ba wanda zai ce maka sannu da dawowa da harshenka, taga ma ba ta buɗuwa. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, wurin da ba wanda ya san ka jarrabawa ne. Mashaya tana ƙasa, masu kai-kawo suna harabar. Mun san magidantan da tafiyar aiki ta zama musu ƙofar ɓarna. Nakan ba ƙannena shawara su fita jam'i ko da sau biyu ne a yini, Babban Masallacin Ƙasa ba shi da nisa da yawancin otal-otal na tsakiyar gari, kuma su kira gida da bidiyo kowane dare.

Sadiq Palladan:
Dakta ya tuna min. Ka sa buta ƙarama da sallaya a jakarka. Banɗakin manyan otal da yawa takarda kawai ake ajiyewa. A Abuja in ka tambaya za a kawo maka sallaya, a kudu ba ko'ina ba. Alƙibla kuma wasu suna manna alama a silin ko cikin durowa, in babu wayarka za ta nuna maka.

Ishaya Wusasa:
Sannunku da hira. Akwai hanya ta uku da ba a taɓo ba, tsakanin babban otal da gidan ɗan'uwa. Ma'aikatu da jami'o'i da jihohi da yawa suna da ofishin hulɗa ko gidan baƙi a Abuja, ƙungiyoyin ma'aikata ma wasu suna da shi. Mu in mun je aikin coci ko na ofis, gidajen baƙi na mishan muke nema, akwai tsabta, ba hayaniya, ba a sayar da giya, kuma ba sa tambayar addininka kafin su ba ka ɗaki. Na kwana a irinsu tare da abokan aiki Musulmi. Matsalar ita ce ɗakunan kaɗan ne, sai ka kama da wuri. Auwal, ka tambayi sashen mulki na wurin aikinku, wataƙila kuna da irin wannan ba ka sani ba.

In hakan bai samu ba, ku nawa ne za ku je? Mutum biyu su haɗa kuɗi su kama ɗaki mai gado biyu a Wuse ko Garki ko Utako, ya fi kowa ya kama shi kaɗai a wurin da ba shi da tsaro. Kuma kada ka biya kafin ka ga ɗakin. Ka buɗe famfo, ka kunna fanka ko na'ura, ka duba makullin ƙofa, ka tambaya ƙarfe nawa suke kashe janareta.

Auwal Samaru:
Mu uku ne maza, Yaya Ishaya, ɗaya matakinmu ɗaya. Na yi masa magana yanzu ya amince mu haɗa. Ɗan kawuna kuma zan je masa ranar da aka tashi taro in kwana ɗaya, in yi wa Anti cefane da hannuna. Na gode wa kowa da kowa.

Malam Lawal Kongo:
Madalla. Saura hanya. Kuɗin mota dabam yake da kuɗin kwana, ka tabbatar an lissafa maka shi, kuma ka cike takardun tun yanzu don kada a ce ka je da kuɗinka a biya ka daga baya. Wannan "daga baya" ɗin yakan ɗauki watanni. In jirgin ƙasa za ka bi, ka tuna sai ka fara yin kusan kilomita 80 zuwa Kaduna, sannan ka ratsa gari zuwa tashar jirgin a Rigasa. Ka sayi tikiti ta intanet tun da wuri. Jirgin yana tsayawa Kubwa kafin tashar Idu ta Abuja, ka duba wanda ya fi maka kusa da masauki.

Maryam Hanwa:
Ni tun harin 28 ga Maris 2022 gabana yake faɗuwa da jirgin nan, ko da yake ya dawo aiki a Disambar shekarar kuma ina hawa. Mota ko jirgi, kada yamma ta yi maka a hanya. Kuma kada ka yarda da tsarin fita da asuba ranar da za a buɗe taro don a rage dare ɗaya. Ka isa a gajiye, ka yi gyangyaɗi a gaban manya.

Bashir (Ɗan Gyallesu, mazaunin Kubwa):
Ni tambayar da nake yi kullum, me ya sa sai Abuja? Rabin mahalarta bitar nan na tabbata daga Zariya da Kaduna da Kano za su taso. Garin da yake da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ga cibiyar fasahar sufuri, ga asibitin koyarwa a Shika, ga otal ɗin taro a Kongo, a ce ba za a iya zaunar da mutum hamsin a koya musu aiki ba? Kuɗin da za a ba otal ɗaya a Abuja na zaure da shayi, a Zariya zai ɗauki nauyin taron har da masaukin kowa, kuma kuɗin ya zauna a garinmu.

Dakta Umar Shika:
Bashir, ina son Zariya kamar yadda kake son ta, amma mai shirya taro yana duba jirgin sama. Wanda zai taso daga Kalaba ko Inugu ya sauka Abuja cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. In ka ce Zariya, sai ya sauka Kaduna ko Kano ya sake shiga mota. Manyan da ake so su buɗe taro kuma ofisoshinsu suna can, minti ashirin za su ba ka su koma.

Malam Lawal Kongo:
Dakta, wannan dalili ne na gaskiya ga taron ƙasa baki ɗaya. Amma na zauna a inda ake tsara irin waɗannan tafiye-tafiye. Sau da yawa bita ce ta cikin gida, masu koyarwa da masu koyo duk daga wuri ɗaya suke, a kwashe su a kai wani gari, saboda in an yi a gida babu wanda zai samu kuɗin kwana. Kuma ƙananan ma'aikata su ne kan gaba wajen so, don albashi ba ya kai wata, ɗan abin da za su rage a tafiyar shi ne kuɗin makarantar yara. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 aka sa a 2024, ku auna da buhun shinkafa. In ka hana tafiyar ba ka gyara albashin ba, su ka fara cuta.

Hajiya Rabi Tudun Wada:
To ai ka ga, Bashir. Yaron da ya zo ya kwana a falonka ya tafi da canji, ba rowa ba ce ta sa shi.

Bashir (Ɗan Gyallesu, mazaunin Kubwa):
Na yarda, Hajiya, ba rowa ba ce. Amma ni ma albashin nan nake karɓa, kuma hayar Abuja nake biya da shi. Malam Lawal, tunda kun san ciki, wa ke da ikon cewa a yi bita a gida amma a ba mahalarta wani ɗan alawus na zama? Shugaban ma'aikata zai iya da kansa, ko sai takarda ta fito daga sama?